Wasiƙa Daga Landan: Amanar Kaka Ta Ƙasa



'Yan uwa da abokan arziki, na gida da na waje, ina gaishe ku gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da mu. Mu nan alhamdu lillahi, daga ni har maiɗakina da yara kowa ƙalau. Na san na yi shiru kwana biyu, har Yaya Babba ya aiko yana tambaya ko an daina sayar da biro ne a Ingila. To ga ni na dawo. Sai dai ku yi haƙuri, labarin yau na ciyawa ne. Na san Kawu zai yi dariya, ya ce yaron da aka raina a gonar gero ya tafi Turai ya ƙare a jinyar ciyawa. Ya yi dariyarsa, amma ya tsaya ya ji yadda aka yi.

Waɗanda suka taɓa kawo mana ziyara sun san tsohuwar Baturiyar nan da ke zaune a ƙasanmu, wadda yara ke kira Kaka ta ƙasa. Tun da muka tare a gidan nan a 2016 take ɗawainiya da mu. Ita ta nuna wa maiɗakina ranar fitar da shara da yadda ake karanta mitar gas, kuma daren da naƙudar Auta ta tashi ina wurin aiki, ita ta hau sama da rigar barcinta ta kwana da manyan yaran. Shekarunta sun haura tamanin, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya tilo tana can Sikotlan. A watan Oktoba na 2024 ta zame a kicin ta karye a kwatangwalo. Ana fita da ita zuwa motar asibiti ta kama hannuna ta sa mini makullin gidanta. Ba ta yi zancen kuɗi ko takardu ba. Cewa ta yi in hau da shukar da ke kicin sama, don za a kashe hitar gidan, kuma ta mijinta ce.

Shukar nan Turawa suna ce mata fan (ba fanka ba, Inna). Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba a miya da ita. Ku da kuka yi bautar ƙasa a kudu kun ga danginta suna lilo a jikin itacen kwakwar manja. Irin ta Kaka, masana tsirrai suna kiranta Pteris cretica 'Albolineata'. Ganyenta dogaye ne sirara kamar yatsu, kowane yatsa da farin zane a tsakiyarsa, gefe da gefe kuma kore shar. Saboda zanen nan Auta ta raɗa mata suna Zabuwa, sunan kuma ya bi ta. Mijin Kaka ne ya sayo ta shekara ashirin da wani abu da suka wuce, tun daga nan Kaka take raba ta tana canja mata tukunya. Ranar da na hau da ita na ƙirga ganye ashirin da uku.

A raina na ce wannan ai ba wani aiki ba ne. Mutumin da ya yi ban-ruwan albasa da guga a fadama, ciyawar tukunya ce za ta gagare shi?

Na zaɓa mata wurin da na ga ya fi ko'ina daraja, dakalin tagar falo, inda take samun haske kuma baƙi su gan ta. Abin da ban lura ba shi ne, a gidajen nan ƙarfen hita yawanci a ƙarƙashin taga yake. Ƙarshen Oktoba aka mayar da agogo baya, sanyi ya shigo, muka kunna hita. Kafin mako biyu bakin ganyen ya fara ƙonewa, ya yi ruwan ƙasa, in ka taɓa sai ya marmashe kamar busasshen zogale. Sai daga baya na gane abin da ke faruwa. Iskar hita iskar hunturu ce sak. Yadda leɓe ke tsagewa a Kano a watan Janairu har sai an nemi man kaɗe, haka ɗakin da aka ɗumama yake shanye danshin ganye. Na sayi ɗan ma'aunin laima na 'yan fam kaɗan na ajiye a wurin, ya nuna talatin da 'yan kai cikin ɗari, alhali ita wannan shuka ta fi son hamsin zuwa sama. Ga kuma wata azabar: da dare muna jan labule, sai ta kwana tsakanin labule da gilashi mai sanyin ƙanƙara, da safe kuma zafi ya taso mata daga ƙasa.

Ni kuwa a lokacin ban san duk wannan ba. Na ga ganye yana bushewa, sai manomin da ke cikina ya ce ƙishirwa ce. Kullum bayan sallar asuba sai in cika kofi in kwarara mata. Maiɗakina ma in ta wuce ta ga abin tausayi sai ta ƙara mata. Ba mu san muna yin aikin sau biyu ba sai da Auta ta ce ita ma tana ba ta ragowar ruwan gorarta in ta dawo daga makaranta.

A nan ne abin ya kusa ƙarewa. Ganyen ƙasa suka yi ɗorawa, suka yi laushi suka kwanta. Sai wani wari kamar na kwata ya fara tashi. Sai kuma wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe, ba su kai sauro ba, suka cika falo, suna faɗawa cikin shayi. Da na ɗaga tukunyar sai na ga ashe biyu ce. Ta ciki ta roba ce mai huji a gindi, ta waje ta tangaran ce ta ado, ba ta da huji ko ɗaya. Ruwan da muke zubawa duk yana nan kwance a ƙasa, ya kai gaɓar yatsa biyu. Wato wajen wata guda saiwar tana jiƙe a tafki.

Abin da ya ruɗe ni, kuma na ga yana ruɗar mutane da yawa, shi ne shukar da ruwa ya yi wa yawa da wadda ƙishirwa ta kama kamanninsu ɗaya, duk yaushi suke yi. Dalili kuwa saiwa tana numfashi. In ƙasa ta cika da ruwa babu iska, saiwa sai ta ruɓe, in ta ruɓe ba ta iya jan ruwa zuwa ganye, sai ganye ya yi yaushi alhali gindinsa na cikin ruwa. Kai kuma mai tausayi sai ka ƙara. Ku tuna dawar da ke kwari a shekarar da ruwa ya yi yawa, yadda take ɗorawa ta tsaya cak. Na san wannan tun ina yaro, amma da abin ya zo mini a tukunya ban gane shi ba.

Ranar Asabar na shimfiɗa jarida a kicin na juye ta. Wani dattijo a wurin sayar da shuke-shuke ya riga ya gargaɗe ni kada in bi launi, don saiwar irin wannan shuka dama can baƙi-baƙi ce, siririya kamar zare, ko da lafiyarta ƙalau. A bi taɓawa da sansana. Mai rai tana da ƙarfi, in ka ja ba ta tsinkewa da sauƙi. Ruɓaɓɓiya kuwa tana saɓulewa a hannu tana wari. Na yanke kusan kashi ɗaya cikin uku da almakashi, na zubar da tsohuwar ƙasar, na sa sabuwa da na gauraya da 'yar tsakuwa don ruwa ya riƙa wucewa. Na mayar da ita ƙaramar tukunya, saboda babbar tukunya da 'yar saiwa kaɗan riƙe ruwa take yi. Na kuma kula ban binne kan gindin ba, wurin da sabon ganye ke fitowa. Daga ranar na kafa doka a gidan: ni kaɗai ke ba Zabuwa ruwa. Kafin in ba ta sai na tsoma yatsa. In saman ƙasar ya fara shan iska amma ƙasa da shi akwai sanyin danshi, lokaci ya yi. In zuba har ya fito ta huji, in bari ya tsane a wurin wanke-wanke, sannan in mayar. Ba a kuma barinta ta bushe ƙarau, wannan ma kisa ne. Da sanyi abin bai wuce sau ɗaya a kwana biyar ko shida ba.

Ƙudajen nan, maiɗakina ta ɗauko gwangwanin maganin sauro za ta fesa, Allah ya sa na shigo. Ganyen fan ba ya jure irin wannan feshi, ƙonewa yake. Kuma masu tashin ba su ne matsalar ba, tsutsarsu ce da ke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana cin ruɓaɓɓen abu, wani lokaci har da ƙananan saiwa. Canjin ƙasa da rage ruwa ya kashe yawancinsu. Sauran na kafa musu wata 'yar takarda rawaya mai danƙo da ake sayarwa, suka manne. Cikin mako uku aka koma shan shayi lafiya.

Yanzu ga inda na fi jin kunya. Ina cikin duba ganyen da suka rage sai na juya bayan wasu dogaye guda biyar, na ga bakinsu ya naɗe, a cikin naɗin kuma akwai wani layi mai ruwan ƙasa tun daga sama har ƙasa, in ka murza sai gari ya fito kamar garin kuka. Na ce shi ke nan, wata cutar ta kama ta. Don kada ta yaɗu na sa almakashi na datse duka biyar ɗin daga gindi, na ƙulle a leda na kai shara. Har ina jin na yi dabara.

Lahadi muka je duba Kaka, an mayar da ita sashen masu koyon tafiya. Na nuna mata hoton a waya ina ba ta labarin yadda na ceci shukar daga annoba. Ta sa tabarau ta duba, ta duba, sannan ta ajiye wayar a kan bargo ta rufe ido. Na ɗauka ciwo ne ya motsa. Ashe dariya take dannewa, ko kuka, har yau ban tabbata ba. Ta ce mini waɗannan su ne ganyen da suka fi kowanne lafiya. Garin nan irinta ne. Tun da ba ta fure, ta wannan ƙurar take haihuwa, kuma sai ta ji daɗin zama take fitar da ita. Garin neman gira na rasa ido. Ganye ashirin da uku na karɓa, ranar nan saura shida, su ma rabinsu da ƙonannen baki.

Ita ta koya mini bambancin, na ga ya kamata in rubuta don na san akwai masu irin wannan shuka a cikinku, musamman ke ƙanwata ta Manchesta da kika cika taga da tukwane. Iri a jere yake, a tsare, a bayan ganye kawai. A irin ta Kaka layi ne a gefe, a wasu kuma ɗigo-ɗigo ne a sahu kamar an sa ma'auni. Ƙwaron da ake ruɗa shi da iri kuwa a warwatse yake, yana manne a kara da jijiyar ganye kamar ɗan ɓawo, in ka sa farce yana ɓamɓaruwa ɗungurungum, kuma za ka ji ganyen da dakalin da ke ƙarƙashinsa suna danƙo kamar an zubar da ruwan sukari. Shi wannan a goge shi da auduga da ruwan sabulu kaɗan, a maimaita duk mako. In babu danƙo kuma abin a jere yake, a ajiye almakashi.

Na dawo gida jikina a sanyaye. A ce tsohuwar da ta kwana da 'ya'yana ta roƙe ni abu ɗaya tak a duniya, ni kuma in mayar mata da tukunyar ƙasa? Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Sai na sake wani kuskuren, ƙarami dai. Na karanta cewa banɗaki ya fi ko'ina laima, na kai ta can. Banɗakinmu kuwa ba shi da taga. Ga Disamba, lokacin da yinin Landan bai cika awa takwas ba, ana magariba kafin ƙarfe huɗu. Cikin kwana goma ɗan sabon ganyen da ya leƙo ya fito siriri, ya koɗe, zanen ma da kyar ake ganinsa. Shuka mai farin zane ta fi 'yar uwarta kore zalla bukatar haske, saboda koren ganye shi ne ke dafa mata abinci da hasken rana, farin wurin kuwa ɗan kaɗan yake taɓukawa. Amma kuma farin ne ke fara ƙonewa in rana ta buge shi kai tsaye. Abin da take so shi ne haske mai yawa ba tare da rana ta taɓa ta ba, kamar wanda ke zaune a bakin zaure da hantsi. A ƙarshe na mayar da ita kicin, kusa da wurin wanke-wanke, taga mai kallon gabas, nesa da hita, inda tururin girki ke kaiwa. Sai da na ajiye ta na tuna a gidan Kaka ma daidai nan take, bene ɗaya ƙasa. Da na tsaya na dubi inda na ɗauko ta tun ranar farko, da duk wannan bai faru ba.

Don ta farfaɗo na yi mata rumfa da farar leda mai nuna ciki, na kafa tsinken tsire huɗu don kada ledar ta taɓa ganye, kullum in buɗe na ɗan lokaci ta sha iska. Dabarar tsohuwa ce, kuma a gabashin Landan ɗin nan aka gano ta. Wani likita, Nathaniel Ward, hayaƙin gawayin birnin ya yi ta kashe masa irin waɗannan tsirrai. A 1829 ya rufe wani ƙwaro da 'yar ƙasa a kwalba yana jiran ya ƙyanƙyashe, sai ya ga fan ta tsiro a ciki tana rayuwa ba tare da an ƙara ruwa ba, don danshin yana tashi ya taru a gilashi ya koma ƙasa. Daga nan aka ƙera akwatunan gilashi masu sunansa, waɗanda Turawan mulkin mallaka suka riƙa ɗaukar tsirrai da su a jirgin ruwa, har da dashen shayi daga Sin zuwa Indiya da na roba daga lambun Kew zuwa Silon a 1876. A zamanin Sarauniya Biktoriya son wannan ciyawa ya zame wa Ingilishi kamar taɓin hankali, suna bin duwatsu suna tumɓuke ta, har wasu irin suka yi ƙaranci a daji. Da na karanta haka sai na ɗan ji sanyi, ashe ba ni ne farkon wanda ta wahalar ba.

Abu biyu na ɓata wa lokaci a banza. Na ɗaya feshin ruwa a ganye. Kowa zai ce maka ka riƙa fesawa, amma ma'aunina ya nuna laimar ba ta daɗewa take komawa inda take, abin da ya rage sai farin tabo a ganye. Faranti da tsakuwa da ɗan ruwa a ƙarƙashin tukunya, yadda gindinta ba zai taɓa ruwan ba, ya ɗan fi, matsar da ita daga hita kuwa ya fi su duka. Na biyu taren ruwan sama. Ruwan famfon Landan yana da alli sosai, duk wanda ya leƙa cikin butar shayinmu ya ga farin ɓawon. Na ji an ce tsirran ɗaki da yawa ba sa son sa, sai na kafa bokiti a bayan gida, ina sauka cikin sanyi ina ɗebowa. Daga baya na gano irin ta Kaka ba ruwanta, a daji ma a jikin dutsen farar ƙasa take tsirowa. Kaka ta ce ita ruwan famfo take ba ta shekara da shekaru, sai dai tana tara shi a jug ya kwana don sanyinsa ya karye. Taki ma hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in zuba, ta hana. Ba a ba marar lafiya taki, ba a kuma bayarwa da sanyi. Sai daga Afrilu zuwa Satumba, na ruwa, sau ɗaya a wata, rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Janairu da Fabrairu babu abin da ya motsa. Ganye shida, ba ƙari ba ragi. Kullum in leƙa gindin kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Sai a watan Maris na 2025, muna cikin azumi, na tashi sahur na kunna fitilar kicin, na ga wasu abubuwa uku sun ɓullo daga ƙasa, kowanne a nannaɗe kamar wutsiyar hawainiya. Wallahi sai da na tashi maiɗakina daga kan kujera ta zo ta gani. Kafin Sallah sun warware, kowanne da farin zanensa raɗau.

Kaka ba ta koma gidanta ba. Ƙafar ba ta yi ƙwarin da za ta zauna ita kaɗai ba, 'yarta ta sama mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi, tafiyar minti arba'in a bas daga nan. Da ganyen suka kai goma sha biyu, ita ta ce in raba. Na sa wuƙa na tsaga gindin gida biyu, kowane ɓangare da saiwarsa da ganyensa, hannuna na rawa. Muka kai mata rabi a tukunyar tangaran ɗin mijinta, wannan karon na zuba tsakuwa a ƙasanta don ta robar ta ɗaga. Ta ƙirga ganyen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta juya bayansu ta duba, ta sa aka ɗauke tukunyar daga inda ma'aikaciyar ta ajiye, don a kan hita ne. Ɗaya rabin ta ce na Auta ne. Har yanzu duk zuwan da muka yi sai ta tambaye ni ko na ɓoye almakashi.

Inna ta ce in taho mata da ita in za mu zo. Inna, ki yi haƙuri, wannan ba za ta kai Sallah biyu a tsakar gidanmu ba, in zafin bazara ya bar ta hunturu ba zai bar ta ba. Damuwata yanzu ma tafiyar ce. In Allah ya yarda muna son zuwa gida hutun yara na Agusta, mako uku, kuma Zabuwa ba ta yin mako uku ba ruwa da zafi. Ɗan'uwa na Luton, kai nake kallo. Zan kawo maka ita har gida da takardar bayani, sharaɗina ɗaya ne, mutum ɗaya kawai zai riƙa ba ta ruwa a gidan, kuma ka tsoma yatsa tukuna.

A gaida Baba da Inna, a gaida Goggo da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Yaya Babba, ga wasiƙa nan ka samu, biro bai ƙare ba. Ku sa Kaka ta ƙasa a addu'a.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku na Landan